Ruwa ba ya tsami banza: nazarin tankin murjani mai lita 300 da ya kusa rushewa a watansa na shida

Yayana ya yi shekaru yana aiki a Jidda. Abin da ya dawo da shi Kano, ban da dabino da 'yan kalmomin Larabci, shi ne son teku. Wani abokin aikinsa ne ya taɓa kai shi gaɓar Bahar Maliya, ya ara masa tabarau na ninƙaya, ya leƙa ƙarƙashin ruwa sau ɗaya tak. Tun daga ranar yake cewa sai ya ajiye irin wannan lambu a falonsa. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, don haka ni aka ɗora wa awon ruwa da rubuta sakamako. Duk abin da zan faɗa daga littafin awon nan na ciro shi, sai kuma musun da muka yi ta yi ni da shi bayan abin ya faru.

Murjanin da muka tashi muka sani shi ne jan dutsen adon nan da iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya da hannu. Na ainihin, ƙashin wata dabbar teku ne da ake cirowa daga Bahar Rum, fatake suka riƙa tsallako Sahara da shi. Wanda ake kiwo a tanki danginsa ne, amma mai rai: ɗaruruwan 'yan ƙananan dabbobi manne da juna, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da bakin. A cikin namansu akwai wata gansakuka 'yar mitsitsi da ido ba ya gani, wadda take haɗa abinci da haske, ta ba mai masaukinta kaso mafi tsoka. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima, murjani sai ya kori baƙuwar tasa, ya yi fari fat, yunwa ta fara cinsa. Duk wahalar fitila da na'urar sanyi da za a ji a gaba, saboda wannan zaman haya ne.

Kayan da aka haɗa

Tankin gilashi ne mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, wato lita 300. A cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa akwai ƙaramin tanki na biyu, inda ruwa yake zubowa a tace shi, famfo ya mayar da shi sama. In aka haɗa ruwa da gilashi da dutse da yashi, nauyin ya doshi rabin tan, shi ya sa mai walda ne ya yi mana teburin da ƙarfe, kafinta ya lulluɓe shi da katako. Mai gyaran famfo ya zo da makunni na tagulla, muka sa ya mayar, ya kawo na roba. Ya ga kamar iyayi ne. Tagulla akwai jan ƙarfe a cikinta, ruwan gishiri kuma yana cinsa a hankali, ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi.

Ruwa ne ya fi ba mu aiki. Na'urar awon narkakkun sinadarai ta nuna ruwan bohol ɗin gidan ya haura 300, abin da ake so kuwa sifiri. Ruwan leda ma da Yaya ya ce a gwada bai kai ba. Dole aka sayi matata mai matse ruwa ta cikin siririyar fata, a bayanta kuma da wani kwalba mai ƙwayoyin roba masu kama ragowar sinadarai. Irin wannan matata kafin ta ba ka lita ɗaya sai ta zubar da uku ko huɗu. Matar Yaya ta sa aka jona tiyo zuwa shukokinta, rigimar ɓarnar ruwa ta mutu a nan.

Gishirin miya ba ya wannan aiki. Ruwan teku yana ɗauke da giram 35 na gishiri a kowane kilo, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin wanda muke ci. Sauran maganiziyam ne da salfet da kalsiyam da fotashiyam da kabonet, kuma da kalsiyam da kabonet ɗin nan murjani yake gina ƙashinsa. Mun narka kusan kilo 11 na gishirin da aka haɗa musamman don tanki, har awon nauyin ruwan ya tsaya a 1.025. Yaya ya tuna cewa Bahar Maliya ta fi haka gishiri, tana kai giram 40. Gaskiya ne, amma halittun da ake sayarwa galibi daga tekun Indonesiya da Filifin da Ostireliya suke, da ruwan can za a kwatanta.

Sai dutse, kilo 25 na busasshen dutsen murjani mai ramuka kamar soso, da yashin murjani ɗan sirit a ƙasa. Dutsen nan shi ne ainihin matatar tankin, domin a ramukansa bakteriya suke zama. Wani mai kiwo a Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna tun farkon shekarun 1960 cewa dutse mai rai, wato wanda aka ciro daga teku da halittunsa, da iska da hasken rana sun isa su riƙe tankin teku. A shekarun 1970 masu kiwo a Balin ta Jamus suka ƙara fitila mai ƙarfi da na'urar kumfa, wadda take kaɗa ruwa da iska, datti ya manne wa kumfa ya taru a kofi kamar ruwan kwata. Tsarin Balin ɗin muka bi. Muka ƙara famfunan kaɗa ruwa guda biyu, da fitilu biyu, da hita, da na'urar sanyaya ruwa. Duka aka jona su a inbata ɗaya mai batir ɗaya. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kwana 33 ana kiwon dutse

A farkon Nuwamba muka cika tankin. Kifi yana fitar da amoniya, abincin da ya ruɓe ma haka, kuma amoniya guba ce. A ruwan teku ta fi illa, domin pH ɗinsa, wato awon tsamin ruwa, yana tsakanin 8.1 da 8.3, a nan kuwa kason amoniyar da yake komawa siffarta mai ratsa jikin kifi yana ƙaruwa. Wasu bakteriya ne suke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda ba shi da wannan kaifi. Sabon dutse ba shi da su. Sai an shuka su, an ciyar da su, an jira.

Na zuba irin bakteriya na kwalba, na ɗiga amoniya har ta kai 2 cikin miliyan. Sati na farko babu abin da ya motsa. Rana ta 9 naitirait ya bayyana. Rana ta 19 amoniya ta koma sifiri, naitirait kuwa ya yi sama har ya wuce iyakar katin awo, ya zauna a can kwana da kwanaki. Sai rana ta 33 na sake ɗiga amoniya, washegari na tarar da ita da naitirait duk sifiri.

A tsawon kwanakin nan tankin fanko ne, sai duwatsu da ruwa yana kaɗawa. Duk baƙon da ya shigo sai ya yi jaje, yana zaton kifayen sun mutu. Wata rana Yaya ya tsaya a gaban gilashin ya ce, "Malam, wai yanzu duwatsu muke kiwo?" Na ce, "Yaya, su ne dai." Ya yi dariya ya haƙura. Na faɗi wannan ne don a yi masa adalci: a lokacin da jira yake da adadin kwanaki da launin da za a gani a kwalba, ya jira.

Hunturu ya koya mana abu biyu. Na farko, hitar da muka raina ita ta yi ta aiki, domin da asuba falon yakan yi sanyi sosai, ruwa kuma ana son ya zauna tsakanin digiri 24 da 27. Na biyu, bushewar iska tana shanye lita biyar zuwa shida kullum. Ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan inda yake. Yaron gidan da aka bar wa tankin lokacin da muka yi tafiyar kwana biyar ya ga ruwa ya ja baya, ya cika shi da ruwan gishirin da ya gani a jarka. Hankalinsa ya ba shi daidai: tankin gishiri, ruwan gishiri. Lita 30 kenan, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Allah ya taimaka babu mai rai a ciki tukuna. Daga nan aka sa ƙaramar na'ura mai cika tankin da tatacce ruwa da kanta.

Zubin farko

Bayan zagayen bakteriya ya kammala sai wata ƙura ruwan kasa ta rufe yashi da gilashi, bayanta kuma koren gashi ya fito a kan duwatsu. Kowane sabon tanki yana bi ta wannan muni. Muka kawo dodon koɗi guda goma, suka yi ta kiwo.

A Janairu kifi na farko ya shiga: 'yan ruwan lemo masu farin ɗamara guda biyu, Amphiprion ocellaris, waɗanda yara suke kira Nemo tun bayan fim ɗin 2003. Haihuwar gona ne, ba kamun teku ba, shi ya sa suka karɓi abinci tun ranar farko. Halittarsu da ban mamaki: dukansu maza suke tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi sai ya rikiɗe ya zama mace. Cikin 'yan makonni ɗaya ya fara fin ɗayan girma, ɗan ƙaramin yana karkarwa a gabansa alamar ya sallama. Yaran gidan sun yi ta tambaya ta, "Baffa, wace ce amaryar?"

Bayan sati uku muka ƙara wani ɗan rawaya mai zaman bakin rami, bayan wasu ukun kuma kifin Banggai guda biyu, masu zanen baƙi da azurfa. Asalin waɗannan wasu 'yan tsibirai ne a gabashin Sulawesi, ba su da wani gida na asali sai can, kuma kamun da aka yi musu saboda tankuna ya sa a 2007 aka sa su cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Namu na gona ne. Namijin ne yake ɗaukar ƙwai a bakinsa, ba ya cin abinci har sai 'ya'yan sun fito.

Murjani kuma da masu taushi muka fara a Fabrairu, waɗanda ba su da ƙashi kuma suna yafe kuskure: mai kamar fata, da mai kamar laimar kwaɗi, da 'yan maɓallai masu launi. Su maɓallan nan akwai masu guba mai tsanani a cikin danginsu. A 2018 an kwashi mutanen wani gida a Ingila zuwa asibiti bayan maigidan ya goge dutsen tankinsa a wajen ruwa, gubar ta bi iska. Da safar hannu da tabarau muke taɓa su, kuma ba a tafasa dutsen tanki ko a kankare shi a busashe. Daga baya muka ƙara mai ƙashi guda ɗaya, mai kawuna kamar guduma. A lokacin kalsiyam yana 420, maganiziyam 1300, ƙarfin kabonet 8, kuma duk sati biyu muna canza kashi goma cikin ɗari na ruwan.

Asara ɗaya muka yi a wannan tsakani. Wani jatan lande mai jan baya, wanda yake share jikin kifi, ya mutu washegarin da aka fesa maganin sauro a falon. Na'urar kumfa iskar ɗaki take zuƙa ta cusa cikin ruwa, maganin sauro kuwa ba ya bambance sauro da jatan lande, 'yan uwan juna ne a halitta. Aka kafa doka: ba fesawa, ba igiyar sauro, ba turaren wuta a falon. Ta ƙarshen ce ta fi wuyar zartarwa.

Zuwa ƙarshen Maris kifi biyar ne a tankin, kowa lafiya, ba wanda aka taɓa killacewa kafin a sa shi. Sa'a ce kawai ta raka mu, mu kuma muka ɗauka iyawa ce.

Biki

A Afrilu aka sa bikin babbar 'yar Yaya. Falon nan za a sauki surukai, shi kuma yana ganin kifi biyar a tanki mai tsawon nan kamar an share masallaci ba a zo salla ba. Kwana tara kafin ɗaurin aure wani kwali ya sauka daga Legas ta jirgi: kifi biyar da reshen murjani ɗaya. Akwai 'yan kore masu yawo a garke guda uku, da wani ja mai baƙin zane, da shuɗin nan mai rawayar wutsiya, Paracanthurus hepatus, wanda yara suke kira Dory. Reshen kuwa Acropora ne, mai ƙashi mai rassa kamar ƙahon barewa, wanda ya fi kowane murjani saurin fushi, ba a sa shi sai tanki ya shekara ya nutsu.

Dory kifi ne da yake kai santimita 30, mai gudun dogon zango, masu kiwo ba sa ba shi tankin da bai kai santimita 180 ba. Sai a 2016 aka fara samun nasarar haifar da shi a gona, a Fulorida, kuma har yanzu mafi yawan na kasuwa kamun teku ne da suka bi ta hannun dillalai da yawa, kowane da ruwansa da cutarsa. Na ce, "Yaya, a ajiye su a wani wuri tukuna, ko wata guda ne." Ya ce, "A ina? Kuma bikin wata guda zai jira?" Ban ja ba. Babu tankin killacewa a gidan, domin ban taɓa nacewa a saye shi ba. Muka daidaita zafin ledojin da na tankin, muka riƙa ɗiga musu ruwanmu a hankali, muka sake su.

Rana ta huɗu na ga fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri a jikin Dory, yana goga gefensa a dutse. Rana ta takwas ɗigon suka ɓace. Yaya ya kira ni a waya yana murna, ya ce kifin ya warke da kansa. An yi biki, surukai sun yi ta ɗaukar hoto a gaban gilashi.

Wannan ɓacewa ita ce yaudarar cutar. Ƙwayar da ake kira Cryptocaryon irritans tana shiga ƙarƙashin fatar kifi da wurin numfashinsa ta ci kwana uku zuwa bakwai, sannan ta faɗo ƙasa, ta manne a dutse ko yashi, ta rufe kanta da ɓawo, ta yi ta rarrabuwa a ciki. In ɓawon ya fashe, 'ya'ya har ɗari biyu ko fiye suke fitowa daga ƙwaya ɗaya, kowanne yana neman kifi cikin kwana ɗaya ko biyu, in bai samu ba ya mutu. A teku yawancinsu ba sa samu. A akwatin gilashi mai kifi goma kuwa ba inda za su ɓata hanya. Ranar da Yaya yake murna, cutar ta sauka ƙasa ne tana haihuwa.

Dare uku babu wuta

Kwana huɗu bayan biki taransifomar unguwar ta lalace. Tsakiyar bazara ce, zafin rana yana haura digiri 40. Da rana ana tayar da janareta, ƙarfe goma sha biyun dare a kashe, inbata ta karɓa. Lissafin batirin ni na yi shi, kuma a hunturu na yi shi, lokacin da na'urar sanyi ba ta taɓa tashi ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, in ana so ya yi ƙarko rabinsa ake ja, wato wat 1200 na awa guda. Famfunan kaɗa ruwa da na mayarwa duka wat 60 suke ci, za su yi awa 20 a kai. Na'urar sanyi ita kaɗai tana cin kusan wat 300, ga fankokin gida da firji da aka jona a layin saboda baƙi. Kafin ƙarfe uku na dare inbata ta yi ƙara ta mutu.

Ruwan teku dama bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, ruwa mai zafi kuma ya fi mai sanyi ƙarancinta. Da dare gansakukar cikin murjani ba ta samar da iska, shaƙa take yi kamar kowa, bakteriyar dutse ma haka. In famfo ya tsaya, saman ruwa ya kwanta, iskar da ke ciki kawai ake rabawa. Da asubar farko kifayen suna sama suna haki, zafin ruwa 30. Asuba ta biyu ya kai 31.5, jan kifin da ɗaya daga cikin 'yan koren sun mutu a bayan dutse, amoniya ta ɗan ɗaga. Naman Acropora ya fara saɓulewa daga gindi, cikin kwana biyu ya zama farin ƙashi. A dare na uku ni da yaron gidan muka kwana muna ɗibar ruwa da jug muna kwararo shi daga sama, muna jefa robobin ƙanƙara a rufe cikin tankin ƙasa.

Wuta ta dawo, muka ce an tsira. Bayan kwana biyu ɗigon suka dawo, wannan karon a jikin kowa, har idanun Dory sun yi hazo. Zafi yana gaggauta zagayen ƙwayar, kifin da ya sha wuya kuma ba shi da ƙarfin kare kansa. Cikin mako guda Dory ya tafi, da na biyu cikin 'yan koren, da Banggai duka biyun. Shida cikin goma.

Me ya kashe su?

Yaya ya ce wuta ce. Hujjarsa ita ce wata biyar tankin yana lafiya, taransifoma ta lalace, kifi suka mutu, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Ɗauke wuta a Kano cikin Afrilu ba tsautsayi ba ne, yanayi ne kamar hunturu da damina, duk wanda zai kafa tanki a nan da shi zai fara lissafi. In akwai laifi a wannan ɓangare nawa ne, ni da na auna batir a watan sanyi, na kuma bar famfon da rai ya rataya a kansa a layi ɗaya da firji.

Amma ko ɗauke wutar ma, mutuwar kifi biyu kawai za a ɗora masa, da ta reshen Acropora. Su ma biyun sababbin zuwa ne, kuma ina kyautata zaton cutar ta riga ta cika musu wurin numfashi, shi ya sa ƙarancin iska ya fara da su. Kwana goma sha uku kafin daren farko masu shaƙar iskar tankin biyar ne, muka mayar da su goma a yini ɗaya. Sauran huɗun da suka mutu kuwa akwai wuta suka mutu, famfo yana gudu, na'urar sanyi tana aiki. Da taransifoma ba ta lalace ba, ƙwayar tana nan a yashi tana jiran ranarta; abin da zafi ya yi shi ne ya matso da ranar, ya kuma raunana waɗanda za ta faɗa wa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin jira biyun. Na Nuwamba yana da kwalba da launi da lamba, Yaya yana ganin abin da yake jira. Killace kifi mai kama da lafiyayye na wata guda kuwa ba ya nuna komai, in ya yi aiki ma babu abin da za a gani. Ga shi kuma kifi biyar sun shiga ba killacewa ba abin da ya faru. Ni da na san zagayen ƙwayar a takarda, nauyin baki ya hana ni tsayawa a kan maganata a gaban babban wa ana saura kwana tara bikin 'yarsa. Da tun Nuwamba na sa ƙaramin tanki cikin jerin kayan da za a saya, da tambayarsa ta "a ina?" ta sami amsa, kuɗinsa kuma bai kai na fitila ɗaya ba.

Gyara

Maganin ƙwayar jan ƙarfe ne, wanda ba ya shiga tankin murjani ko kusa. Dole aka kwashe duwatsu aka kamo huɗun da suka rage, Nemo biyu da mai zaman rami da ɗan kore ɗaya, aka sa su a tanki mai lita 60, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun roba na ɓuya da soson tacewa. Kwana 30 suna cikin magani, kullum ina auna shi, domin tazarar da ke tsakanin adadin da yake kashe ƙwayar da wanda yake kashe kifin ba ta da yawa.

Babban tankin kuma aka bar shi babu kifi ko ɗaya, don duk ƙwayar da ta fashe ta rasa mai masauki. Masu bincike sun ga ɓawon da ya kai kwana 72 kafin ya fashe, shi ya sa masu kiwo suke jiran 76. Muka jira 76. Murjani masu taushi sun farfaɗo cikin makonni. Mai kan guduma ya rasa rabin kawunansa, sauran suka dawo da launi a hankali.

An raba wutar gida biyu. Famfunan kaɗa ruwa suna kan batirinsu su kaɗai da farantin sola, ba a jona musu ko cajar waya. Fitilu da na'urar sanyi suna kan layin gida. Murjani yana iya kwana uku babu fitila bai damu ba. An sa fanka mai hura saman ruwa, wadda a busasshiyar iskarmu take sauke digiri biyu ko fiye da wutar da ba ta kai ta ƙwan lantarki ɗaya ba, sai dai tana ƙara shan ruwa. Akwai kuma ɗan famfon iska mai batir, wanda yake tashi da kansa da zarar an ɗauke wuta.

Damina ta yi nisa kafin kifayen su koma gidansu. Bayan wata biyu da komawarsu, wata safiya yaran suka kira ni in zo in ga wani tabo ruwan lemo a gefen dutse. Ƙwai ne, ɗan ƙaramin Nemo yana tsaye a kansu yana yi musu fifita, uwargidan tana korar duk wanda ya matso, har hannuna ta ciza. Ƙaramin tankin killacewar yana ƙarƙashin bene, yanzu haka akwai Banggai guda biyu a ciki, yau kwanansu 19. Ranar Juma'a na tarar da Yaya da tef a hannu yana auna bangon falo na gabas. Santimita 210 ya samu, ya rubuta a bayan littafin awona.